Gajeren Wuyan da Na Ɗauko daga Kabo

Injin yanka katako ne ya cire min ƙaramin yatsan hannun hagu, ya bar na kusa da shi a sandare, ba ya lanƙwasuwa sai rabi. Ba zan tsaya ba da labarin ranar ba. Katakon jiƙaƙƙe ne, ni kuma ina sauri. Da aka ɗinke a asibiti aka ce in gode wa Allah da abin ya tsaya iya nan. Na gode. Kafinta mai yatsu tara kafinta ne, ba mai ƙirga maka yatsu kafin ya ba ka aikin ƙofa.

Sai dai ni ba kafinta kaɗai ba ne. Shekara goma sha tara na yi ina kaɗa jitar bes a wata 'yar ƙungiya a nan Gwarzo. Ga wanda bai sani ba, bes ita ce jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri da dogon wuya, wadda ake jona wa wuta, a ƙirji ake fara jin sautinta kafin ya zo kunne. Hannun dama ke fizgar tsirkiya, na hagu ke dannawa. A wuyanta akwai 'yan ƙarafa a gicciye tun daga sama har ƙasa kamar matakalar tsani. Tsakaninsu ake dannawa, kowane gida da sautinsa. Gidajen can sama suna da faɗi, ƙaramin yatsa ne ke miƙewa ya kai inda sauran ba sa kaiwa. Shi ne kuma na baro a cikin dusar katako.

Mu huɗu ne a ƙungiyar. Akwai mawaƙinmu, wanda tare muka yi firamare, na sha rufa masa asiri a lissafi, amma tun da muryarsa ta fara kai mu bukukuwa muke ce masa Oga. Akwai mai kalangu, dattijo ne ba ruwansa da kowa. Sai mai fiyano, wanda ya shigo daga baya. Ya yi karatu har difloma, kuma yana da wata ɗabi'a ta yin murmushi ba tare da ya kalle ka ba. Fiyanon nasa na iya fitar da sautin bes da hannun hagu, in ya danna wani maɓalli. Kowa ya san haka, ba wanda ya taɓa faɗa a gabana.

Da hannun ya warke na koma gwaji a zauren Oga. Abin da a da nake yi da miƙa yatsa, yanzu sai na ɗaga hannun gaba ɗaya na yi tsalle da shi. Tsallen nan kuwa yana cin lokaci. Kiɗa ya wuce, ni ina biye kamar mai bin motar da ta tashi. Sau uku muna haka, a na huɗu Oga ya ja ni waje.

"Kafinta, ka san ni da kai ba ta yau ba ce."

"Oga, faɗi abin da za ka faɗa, ina da ƙofa tana jirana."

"Akwai yinin biki a Madadi nan da sati uku. In hannun ya iya, wurinka na nan, ba mai taɓa shi. In kuwa bai iya ba, to kai ma ka san in kiɗa ya canza..."

Na ce ya bar karin maganar, na gane.

A cikin satin ne aka kira ni Kabo in gyara wa wani tsohon malamin makaranta tagogin ɗakinsa. Mutum ne mai fara'a da son hira, ya yi ritaya, ba shi da aiki sai rediyo da kiwon zabi. Ina shiga ɗakin na ga jita a rataye a bango, sama da tsohuwar kalanda. Bes ce, ja, amma ƙarama. Wuyanta bai kai na tawa ba, da ido ma ana gani.

"Malam, wannan fa?"

"Af, tsohuwar zuma ce. Tun ina saurayi na zo da ita, lokacin da aka tura ni koyarwa can kudancin Kaduna. Cikinta ya mutu, yoyon ɗaki ya shige ta wata damina. Ko ka jona ta ba abin da za ka ji sai ƙugi."

Na sauko da ita, na goge ƙurar da hular kaina, na ɗora hannun hagu a wuyan. Yatsuna uku suka kai inda nake so ba tsalle. Na sake gwadawa a can sama, suka kai. Na daɗe a tsaye ina yi, Malam yana kallona.

Na juya bayanta. Sukuru huɗu ne da farantin ƙarfe ke riƙe da wuyan a jikin gangar, wato faffaɗan jikin jitar, daidai irin na tawa. Nan take dabarar ta zo min. Tawa jitar cikinta lafiya lau, wuyanta ne ya fi ƙarfina. Ta Malam wuyanta daidai ni, cikinta ne matacce.

"Malam, za ka ba ni wuyan nan? In sa a tawa, in kawo maka nawa in sa a taka."

Ya yi dariya har da tari. "Yau ga ikon Allah. Na ga musayar goro, na ga musayar jaki da akuya, ban taɓa ganin musayar wuya ba. Zai yiwu kuwa?"

"Katako ne da sukuru, Malam. Sana'ata ce."

"To ɗauka. Sharaɗina ɗaya, kada ka bar min ita gundul. Jikokina sun saba ganinta da kai."

Ya kamata in faɗi inda na samo wannan ƙarfin gwiwa, don ba daga kafinta kaɗai ba ne. Mu gidanmu asalin masu shanu ne, ko da yake ni ban tarar da ko goma ba. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa furta kalmar kiɗa a kaina ba, "wannan abin naka" yake cewa. Amma ƙanin mahaifiyata, kawuna da ke Jama'a, garaya yake haɗa wa mafarauta, da gurmi in an nema. A wurinsa wuya sanda ce kawai. Ta karye a sake wata, ta lanƙwashe a sake wata. Kuma bai taɓa riƙe tef ɗin awo ba. In mutum ya zo a haɗa masa garaya, abin da Kawu zai fara ce masa shi ne, "Miƙo hannunka." Ya ɗora sandar a jikin hannun, ya sa alama da farce, ya yanke. Cewa yake mai kaɗawa ake aunawa, ba itace ba. Na taso ina jin wannan har ya zauna min a kai, duk da cewa tun da na riƙe jita mai wuta na daina ɗaukar sana'arsa da wani muhimmanci. A ganina ni na wuce nan.

To ni ma hannuna na auna. Ya yi daidai da wuyan Malam, na ce magana ta ƙare.

Kwana tara aikin ya ci, don ina yi ne a tsakanin ayyukan mutane. Kwance wuyan ba komai ba ne, minti biyar. Ɗaurawar ce aiki. A jikin kowace ganga akwai gurbi da aka fafe inda gindin wuya ke zama. Gindin wuyan Malam ya fi gurbin tawa siranta, yana shiga yana rawa. Na fere 'yan siraran katakon maɗaci guda biyu, na goge su da samfefa har suka zama kamar takarda mai kauri, na manna a gefe da gefe. Ramukan sukuru biyu sun dace, biyu sun kauce. Na toshe su da tsinken katako da gam, na bari suka kwana biyu, na sake hudawa. Na ja zare tun daga kan wuyan har gindin gangar don in tabbata bai karkata ba. Bai karkata ba ko da gashin kai.

Ta Malam kuwa akasin haka ne. Gindin dogon wuyana ya fi gurbinta faɗi, sai da na sa cizal na ƙara fafe shi. Da na gama na tsayar da ita a jikin bango, ga 'yar ganga ga dogon wuya kamar zalɓe. Na kai masa a kan babur. Ya zagaya ta sau biyu ya ce, "To, ta yi girma a tsufanta." Ya mayar da ita ƙusarta.

Tsirkiyoyina na dogon wuya ne, sun yi wa sabon yawa, sai na datse su da filaya. Na san in na datse ba komawa, sabbi sai an je Kano. Na datse.

Zan faɗi gaskiya, a duk rayuwata ban taɓa yin aikin katako mai tsabta kamar wannan ba. In ka shafa wurin haɗin da yatsa ba za ka ji gaɓa ba. Wani abokin sana'ata ya zo ya duba, ya ce in ba a gaya masa ba zai rantse haka ta fito daga kamfani.

Saura gwaji. A satin nan unguwarmu ba wuta, ƙaramar sifikata kuwa sai da wuta. Bes in ba a jona ta ba da ƙyar kake jin ta, balle a shagon da ke bakin titi. Dabarar da muke yi ita ce ka ɗora haɓarka a kan gangar, sautin ya bi ta ƙashi ya shiga kai. Haka na yi ta yi. Kuma abin da nake saurare ba sautin ba ne, hannuna nake kallo. Yana kaiwa, ba tsalle, ba latti. Sau ɗaya ko biyu na ji kamar wani abu bai zauna ba in na gangara ƙasa, na ce tsirkiya ce da aka kwance aka ɗaura, za ta zauna. Oga ya kira a yi gwaji kwana biyu kafin bikin, na ce ina da aiki. Ba ni da wani aiki. So nake in ba su mamaki a gaban jama'a, musamman mai murmushin nan.

Yinin na mata ne, bayan la'asar, a wani fili a bayan gidan amarya. Rumfa biyu, kujerun roba, janareto a can gefe an kare shi da buhuna. Da na zaro jitar daga jaka mai kalangu ya ce, "Kafinta, wanki ka yi mata ta shige?" Aka yi dariya, har da ni. Mai fiyano ya ba ni sauti, na murɗa kunnuwan jitar ina daidaita tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, a sake, ba tare da na danna komai ba. Duk huɗun suka hau daidai da fiyano. Oga ya ɗaga min gira. Na ɗaga masa kai.

Waƙar farko a can sama ake kaɗa ta, kusa da kan wuya, kuma rabinta tsirkiya a sake ne. Ta wuce lafiya. Ban yi latti ko sau ɗaya ba. Na ga Oga ya waiwayo ya kalli hannuna, ya juya. A raina na ce kalla da kyau.

Ta biyu ita ce ta uwar amarya, wadda mata ke tashi su yi liƙi. A wannan sai na gangaro tsakiyar wuya. Ina sauka gida na bakwai na ji shi. Sautin bai kai ba. Ba wai wani sauti daban ba ne, shi ne, amma ya gaza kaɗan, kamar mutumin da ya miƙa hannu zai taɓa rufi ya rage ɗan taƙi. Shi da fiyano suka riƙa gogar juna, sifika na wani irin kaɗawa kamar ana girgiza ruwa a jarka. Na ƙara gangarawa, abin ya ƙara muni. Oga, wanda shekara goma sha tara muryarsa a kan bes ɗina take jingina, ya rasa wanda zai bi, ni ko fiyano. Ya ɗauko baiti ya sake shi a tsakiya.

Wata mata mai jan mayafi da ke gaba, ta tsaya da rawa ta ce da ƙarfi, "Wai wannan abin naku mura yake yi ne?"

Mata suka kwashe da dariya. Da waƙar ta ƙare na yi sauri na ce wa mai fiyano ya sake ba ni sauti. Ya ba ni. Na fizgi tsirkiyoyin a sake, duk huɗun daidai suke, ko murɗi ɗaya ba sa nema. Ya ji, Oga ya ji, mai kalangu ya ji.

"Jita kam lafiyarta ƙalau," in ji mai fiyano, yana kallon maɓallansa yana murmushi.

 In jita lafiyarta ƙalau a sake, sai an danna take ɓaci, to mai dannawa ne. Kowa ya kalli hannuna. Ni ma na kalle shi.

A waƙa ta uku na danna da ƙarfi har tsirkiya ta shata min yatsa, ko ƙarfi ne ya gaza. Bai canza komai ba. Tsakiyar waƙar Oga ya taka a hankali zuwa wurin na'urar da ke haɗa sautinmu, yana waƙarsa bai tsaya ba, ya murɗe maɓallina har ƙasa. Mai fiyano ya saukar da hannun hagu, bes ta fito daga wurinsa, tsaf. Rawa ta koma.

Ni kuwa ban san abin da zan yi ba. In na ajiye jitar na zauna, kowa ya gane. Sai na ci gaba da kaɗawa. Waƙa biyar na yi a haka, ina fizga ina dannawa, ba mai ji ko ni kaina. Wata tsohuwa ma ta zo ta yi min liƙi a goshi, ta ce Allah ya ƙara basira. Kafin magariba aka tashi. A mota ba wanda ya yi maganar. Da za su sauke ni Oga ya ce, "Sai mun yi waya, Kafinta." Na ce to.

Na yarda hannuna ne. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin haushin kaina. Na sa jitar a jaka na tura ƙarƙashin gado, na koma ƙofofi da tagogi. Wata biyu ba waya.

Ranar da na sake fito da ita, niyyata in kai Kabo in mayar wa Malam wuyansa, don ban ga amfanin riƙe kayan mutum ba. Sai mahaifiyata ta ba ni saƙon magani in biya in kai wa Kawu a Jama'a. Na same shi a gindin bishiyar ƙofar gidansa da hantsi, yana jeme wata fata. Idonsa ya yi rauni sosai, da murya yake gane mutum. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi hannu, ya tambayi mahaifiyata da ƙafarta, sannan ya ce mene ne na jingine a jikin babur da ya ji ya yi ƙara.

"Jitar nan ce, Kawu."

"Ta Turawa? Kawo in ji abin da ya raba ka da mu."

Na miƙa masa don kada in yi musu. Ya shafa ta tun daga kai har gindi. Ya kwantar da ita a cinya kamar garaya, ya manna kunnensa a gangar, ya fizgi tsirkiya ɗaya a sake. Sannan ya lalubo tsakiyar wuyan ya danna, ya sake fizga. Ya yi haka sau uku. Ya ɗago.

"Jakinta ba a wurinsa yake ba."

Jaki, a wurin masu garaya, shi ne ɗan itacen nan da ke tsaye a kan fata, wanda tsirkiya ke hawa kansa. A bes ƙarfe ne mai faɗi a gindin ganga, inda tsirkiyoyin ke ƙarewa.

"Kawu, wannan ba garaya ba ce. A kamfani aka ɗaure shi, da sukuru biyar."

"Da wannan sandar aka ɗaure shi?"

Na kama ninke jakar jitar.

"Na ce da wannan sandar ta zo?"

"A'a. Na canza mata."

"Ka canza sanda ka bar jaki inda yake." Ya yi tsaki. "Kai ɗan nan, shekara nawa ka yi kana zama a nan wurin? Ka taɓa ganin na sa sabuwar sanda ban matsa jaki ba? Sandar ta mai kaɗawa ce, jakin na tsirkiya ne. Rabi ka ɗauka ka tafi."

"To ai hannuna..."

"Me ya sami hannunka? Mafaraucin da na haɗa wa garaya bara yatsu biyu bindiga ta bar masa. Je ka ciki ka ce a ba ka zare."

Na karɓo zaren ɗinki. Ya sa na riƙe bakinsa a inda tsirkiya ta fara a sama, ya ja shi har inda ta ƙare a kan jaki, ya tsinke. Ya ninka shi biyu. Ya ce tsakiyar tsirkiya nan ne uwar sauti ke haihuwar 'yarta, in ka danna nan dole ka ji sautin farko ya dawo da ƙaramar murya. A garaya yatsa ke neman wurin. A tawa kuwa, ya ce, tunda Turawa sun kafa ƙarafa sun hana yatsa yawo, to lalle akwai ƙarfen da aka kafa domin tsakiyar, in nemo shi. Na san shi, na goma sha biyu ne, mai ɗigo biyu. Na ɗora ninkakken zaren daga sama. Ya wuce ƙarfen. Na auna daga ƙarfen zuwa jaki, na auna daga ƙarfen zuwa sama. Ɓangaren jaki ya fi tsawo da faɗin yatsa ɗaya da rabi.

Ƙarafan wuyan Malam an jera su ne don gajeriyar tsirkiya. Ni na ɗaura su a gangar da jakinta ke can baya, wurin doguwa. A sake, tsirkiya ba ruwanta, kunne ka murɗa ta hau. Kana dannawa kowane gida ya faɗi ƙasa da inda ya kamata, kuma kana gangarawa kuskuren na ƙaruwa. Ko yatsu goma sha biyu gare ni haka za ta yi. Ni da tef ke rataye a wuyana kullum, na auna faɗi, na auna zurfi, na auna karkata, ban auna wannan ba.

Ban je Kabo ba ranar. Na koma shago, na kwance sukuru biyar ɗin, na matso da jakin gaba, na huda sabbin ramuka, na toshe tsoffin. Akwai 'yar wayar wuta a ƙarƙashinsa, na ja ta ta biyo shi. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Da aka kawo wuta na jona. Tun daga gida na farko har na ƙarshe, kowane sauti ya zauna a wurinsa.

Washegari na je zauren Oga ba tare da na yi waya ba. Suna gwaji su uku. Na ce a ba ni minti biyar. Na jona, na ce wa mai fiyano ya kama waƙar uwar amarya. Ya kalli Oga, Oga ya ce kama. Muka yi ta daga farko har ƙarshe. Ban yi latti ba, ban kauce ba. Mai kalangu ya ce, "Kai, mura ta warke." Mai fiyano bai yi murmushi ba, wannan kaɗai na samu.

Na yi musu bayanin jaki da zare. Oga ya saurara yana gyaɗa kai. Sannan ya ja ni waje, wurin da ya ja ni wancan karon.

"Ta gyaru, Kafinta, ban musa ba. Amma ka san an ɗauki bidiyon Madadi a waya, ya zaga. Duk wanda zai kira mu yanzu sai ya tambaya ko da mai hannun nan za a zo. Zan bi su gida gida da zare ina bayani?"

"Sau ɗaya za su ji su san ya wuce."

"In kuma ranar wani abin ya sake faruwa fa? Sannan ka ga yanzu ba ma ɗaukar babbar sifikarka, mota ɗaya ke isarmu." Ya sosa ƙeya. "Amma akwai wata magana. Mata na son ganin jitar a hoto, tana ƙara wa wuri kwarjini. Ka riƙa zuwa kana tsayawa da ita. Sautin dai a bar shi a wurin fiyano, kafin mutane su manta."

"In tsaya ina kaɗawa a kashe."

"Ai ka yi a Madadi, ba wanda ya gane."

Mutum mai zuciya da ya juya ya tafi. Ni na je. Na je wani suna a Sabon Birni, na je wani biki a cikin gari. Na tsaya a bayan Oga da jitar da ba ta taɓa daidaituwa kamar lokacin ba, maɓallina a ƙasa, ina kaɗa kowane sauti a wurinsa. Na ɗauka a waƙar ƙarshe zai taka ya murɗo shi ko kaɗan. Bai taka ba. A na uku ban ma ɗauki wayar jonawa ba, na bar ta a shago da gangan. Ba wanda ya lura, har Oga. Da aka kira na huɗu na ce ina da ƙofa. Ba a sake kira ba.

Bayan azumi ya wuce na koma Kabo, don abin ya tsaya min a rai cewa ta Malam ma jakinta ba a wurinsa yake ba. Na je da zare da sukurudireba. Malam ya ce me zan wahalar da kaina a kan jitar da cikinta ya mutu, na ce a bar ni dai. Na sauko da ita na auna. Ita tata matsalar akasin tawa ce, dogon wuya a ƙaramar ganga, baya jakin zai matsa, faɗin yatsa ɗaya da rabi. Na ɗora yatsa a bayan jakin. Katakon da ya rage bai kai faɗin yatsa ɗaya ba, daga nan gangar ta ƙare.

"Yaya, injiniya?" in ji Malam.

"Ba wurin da zan kafa sukuru."

"To mayar da ita ƙusarta, ka zo ga fura."

Na mayar. Muka sha fura, ya ba ni labarin zabinsa da muzuru ya addaba, na ce zan haɗa masa akurki mai ƙofar waya. Ranar Talata na kai masa.